Ranar da Ardon Batura Ya Yi Shanya

A shekarar 2014, shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo Jimeta, wasu da tabarma a ka, wasu ko takalmi babu, a shekarar ne Allah ya yi wa Malam Apollos baiwar haɗuwa da Othniel. Ba kowa ake yi wa irin wannan baiwar ba. Othniel mutum ne wanda in ya shiga wuri, sai wurin ya gane ashe da can zaman marayu yake yi.

Malam Apollos tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya. Ya je harabar coci don ya taimaka da rabon abinci, sai ya tarar da wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji yana busa usur, yana jera mutanen da tun kafin ya zo a jere suke. Ya tambayi fasto ko wane ne wannan. Fasto ya ce ai ma'aikacin masu agaji ne. Ya tambayi masu agaji, suka ce ai dattijon coci ne. Daga baya aka gane daga wajen Numan ya zo, inda ba wanda ya kore shi. Labarin taron jama'a ya ji, zuciyarsa ta ƙi yarda a bar mutane masu yawa haka ba shugaba.

Masu agaji sun raba fitilun sola a lokacin. Othniel bai sayi ko ɗaya ba, amma babu fitilar da ta bar hannun mai bayarwa ta isa hannun mai karɓa ba tare da nasa hannun ya ratsa tsakani ba, daidai lokacin da mai hoto ya danna. Da aka tashi, ya ce ba shi da masauki. Malam Apollos ya ba shi hayar ɗaki a gidansa na Jambutu.

Gidan nan shi ne duk abin da Malam Apollos ya mallaka. Da garatutinsa ya gina shi, bulo bayan bulo, yana tsaye a kan magina da igiyar awo kamar yadda ya saba tsayawa a kan masu jarrabawa. Ɗakunan a jere suke ƙarƙashin silin guda, kicin ɗin matarsa Mama Lilian yana manne a ƙarshe. Ɗakin Othniel ne ke jikin kicin ɗin.

Shekaru suka wuce. 'Yan gudun hijira da yawa suka koma gida, Othniel ya zauna, don Jambutu ba za ta iya rashinsa ba. Ya yi shugaban masu jiran ruwa a famfon burtsatse. Ya yi shugaban masu kallon ƙwallo. Ya taɓa yin shugaban wani kwamiti na zaman makoki har sai da dangin mamacin suka roƙe shi ya bar su su yi kuka da kansu.

Sannan fitilun nan suka fara mutuwa. Wayoyi ma suka mutu, da kwamfutoci, da 'yan akwatunan cajin waya. Kowane gida akwai kwanon da ake zuba matattun batura, in ya cika a kai bola. Wata ƙungiya ta shirya taron bita a wani otel a Jimeta kan yadda za a tattara su lafiya. Ba a gayyaci Othniel ba, amma bai riƙe su da wannan kuskuren ba, ya je. Ya dawo da cikakken ciki, da falmaran mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya, da sabon kira daga sama.

Washegari ya ɗaura lasifika a kan Keke Napep, ya tsaya a ƙofar gida.

"Jama'ar Jambutu, ilimi ya zo har ƙofar gidanku. Batirin litiyam, wato na waya da na fitilar sola da na kwamfuta, ko ya daina aiki akwai wuta a cikinsa. Kada a jefa shi a bola. Kada a ƙona shi. Kada a huda shi, kada a bar yaro ya tauna. A liƙe bakinsa da tef, a binne shi cikin busasshen yashi, a ajiye shi a inuwa, sannan a miƙa shi ga masu sake sarrafa shi. Ni na faɗa, kuma ba na faɗin magana sau biyu."

Ya faɗe ta sau da yawa kafin azahar.

Malam Apollos ya saurara da kunnen malami, yana neman kuskure, bai samu ba. Duk abin da Othniel ya faɗa gaskiya ne. Ya haddace shi sarai, kamar yadda yara ke haddace aya a makarantar Lahadi, ba tare da ya taɓa zaton maganar ta shafe shi ba.

Maƙwabciyarsu Gogo Hafsah, 'yar Yola Gari ce da aure ya kawo Jambutu, tana sayar da waina a ƙofar gidanta. Ita ta raɗa masa suna. Ta gan shi yana sauke buhu daga keke, ta ce, "Sannu Ardo. Ardon Batura. Garke ya dawo daga kiwo?"

Duk layin aka yi dariya. Othniel ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya karɓi sarautar. Kafin mako ya zagayo an ɗinka masa ita a gaban hula.

Aikin ya karɓu, don mutane sun daɗe suna neman inda za su zubar da tarkace. Aka ba shi batura, aka haɗa masa da matacciyar rediyo, da dutsen guga, da kan fanka. 'Yan jari-bola suka daina gaishe shi. Shi kuwa yana zuba batura a buhun shinkafa, manya da ƙanana, masu kumburi da masu tsatsa, kowanne bakinsa a buɗe yana gogar ɗan'uwansa. Tef ɗin da aka ba shi a taron bita ya ƙare wajen manna hotunansa a bangon mutane. Buhuna suka cika ɗakin har suka kore shi, ya dawo da katifarsa baranda, yana cewa shugaba na gari ba ya kwana cikin daɗi.

Malam Apollos ya fara rasa natsuwa. In ya zauna karatu, sai idonsa ya bar littafi ya hau silin. Katako ɗaya ne ya tashi daga ɗakin buhunan ya ratsa kansa. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, irin na fentin farce, ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar.

"Othniel," ya ce masa wata rana, "ina yashin?"

"Wane yashi, Baba?"

"Wanda kake gaya wa mutane da lasifika."

"Baba Hedimasta, wannan ai na talakawa ne, waɗanda ba su san halin batir ba. Ni da su mun saba."

"Yaushe za a zo a kwashe su?"

"Ana kan tattaunawa a matakin sama."

Matakin sama ya zo da kansa ranar wata Talata. Mota ce a-kori-kura ɗauke da durom-durom masu yashi a ciki, da wata mata mai suna Madam Peculiar, ma'aikaciyar kamfanin da ke kwasar batura ya kai inda ake narka su a ciro abin amfani. Malam Apollos ya ji kamar ya buga ƙararrawar tashi. Ya fito da kujera, Mama Lilian ta kawo ruwan sanyi.

Othniel ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya buɗe hannuwa.

"Madam, da girmamawa, ba a ƙaddamar ba."

"Ba a ƙaddamar da me ba, Oga?"

"Da shirin. A garin nan ko famfo aka haƙa sai an kafa rumfa an yanke ƙyalle. Ki kwashe su yau, gobe manyan baƙi su zo in nuna musu me? Ɗaki?"

"Oga, wasu sun kumbura. Ga zafi yana tafe."

"Ni ma na kumbura da aiki, Madam, ban fashe ba."

Ta yi magana, Malam Apollos ya yi, Mama Lilian ta yi har da tafa hannu. Othniel ya kulle ɗakin ya jefa makulli a aljihun falmaran. Madam Peculiar ta ce sai bayan Ista za ta sake biyowa, ta bar masa durom ɗaya ya fara zubawa. Ya yi godiya ƙwarai. Ya sa aka yi wa durom ɗin fenti, ya ce tsayinsa ya yi daidai da mumbari.

Ana cikin shirin biki, wata la'asar suna zaune a gindin darbejiya, tsohon zance ya taso wa Malam Apollos. Ya ba da labarin makarantar mishan inda ya yi karatu a bakin Binuwai. Rediyo ɗaya ce a duk makarantar, tana ɗakin babban malami, mai manyan batura kamar gwangwanin madara. In muryarta ta fara shaƙewa, sai a ciro baturan a jera su a bakin taga su sha rana. Da yamma a mayar, ta yi magana tangaram har tsakiyar labarai, sannan ta sake suma, yara su kwana suna gardamar yadda labarin ya ƙare. Kowa a lokacin haka yake yi, daga mai tocila har mai rediyo.

Abin mamaki, Othniel ya kasa kunne yana saurare. Malam Apollos ya ji daɗi, ya ɗauka bayan shekaru ya samu ɗalibi.

"Amma fa wancan batirin daban ne," ya ci gaba, "na gawayi ne, ba irin..."

Othniel ya riga ya miƙe. Bai taɓa jin ƙarshen maganar kowa ba, don a ganinsa in magana tana da amfani, a farkonta yake.

Aka sa biki ranar Asabar, cikin watan Afrilu. Wanda ya san Yola ya san Afrilunta. Kwanon rufi kan yi ƙara shi kaɗai, ƙadangare kan tsallaka tsakar gida da gudu kamar an aike shi. Da safe Malam Apollos da Mama Lilian suka tafi duba wani maras lafiya a Yolde Kohi. Da suka dawo wajen tsakar rana, an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun haya. Aka kama hannun Malam Apollos aka zaunar da shi a babban tebur a matsayin Uban Taro, fuskarsa na kallon titi, bayansa na kallon gidansa.

Manyan baƙi sun amsa kira. Kansila bai samu zuwa ba, ya turo wakili, wakilin ma wani uzuri ya taso masa, ya turo ƙanin matarsa. Matan zumunta na coci sun zo da tukwanen kiɗansu. Masu cajin waya sun zo don an ce akwai lemo. Gogo Hafsah ta matso da tandarta bakin rumfa. Mai hoto kuwa tun safe yake aiki, kuma mutum ɗaya yake ɗauka.

Othniel ya hau bayan durom cikin babbar riga, falmaran a kanta, hula a karkace.

"Mai girma wakili, Uban Taro, iyayena mata, 'yan jarida da ke nan da waɗanda ke hanya. An ce mana batir in ya mutu sai a kai shi Legas a narka. Na yarda, don ni mai biyayya ne. Amma na zauna na yi bincike mai zurfi, ni kaɗai, ba wanda ya taimake ni. Na gano abin da Turawa suka manta. Batir ba mutuwa yake yi ba, sanyi ne ke kama shi. Yau a gabanku, in na gama jawabi, za a sauko da su, ku ga matattu sun ba da haske."

Aka yi tafi. Malam Apollos bai yi ba. Magana ɗaya ce ta tsaya masa a rai. A sauko da su daga ina?

Ya juya a hankali. Rufin kicin ɗin Mama Lilian yana ƙyalli. An shanya batura a kan kwano tun daga tudu har baki, layi-layi, da tsari mai kyau, yadda mata ke shanya kuɓewa. Tun hantsi suke gasuwa, bakunansu a kan ƙarfe. Daga tsakiya wani siririn hayaƙi fari yana tashi, yana huci kamar tukunyar da aka rufe da kyau.

"Othniel," in ji Malam Apollos.

"Baba, lokacin Uban Taro yana zuwa. Kamar yadda nake cewa, sharaɗi na farko, a ajiye shi a inuwa..."

Batir na farko ya fashe. Na biyu ya amsa masa. Wani ya tashi sama da wutsiyar wuta ya faɗo a kan rumfa.

Mutanen Jimeta sun taɓa jin ƙara a kasuwa da tasha a shekarun tashin hankali, kuma tun daga lokacin ƙafafunsu ba sa jiran bayani. Kafin ƙara ta uku rumfa ta zama fili. Ƙanin matar wakili ya shige ƙarƙashin tebur ya ja ƙyallen ya rufa. Amma a cikin duk masu gudu, dole a yi adalci, ba wanda ya kai Ardo. Shugaba ne, gaba ya shiga. Ya haye katangar Gogo Hafsah da babbar riga, makirufo na hannunsa, waya ta ja lasifika ta bi shi har gindin bango.

Malam Apollos ya tsaya shi kaɗai yana kallon wuta tana cin katakon kicin, tana rarrafe wajen ɗakin buhuna. In ta kai can, abin da zai rage masa a duniya shi ne rigar da ke jikinsa da kujerar Uban Taro, ita ma ta haya ce.

Mama Lilian ce ta ɗaga murya. "Ba bam ba ne, jama'a, haukan Othniel ne. Ku dawo."

Matan zumunta suka fara dawowa, don sun bar jakunkunansu. Akwai tulin yashi a gaban wani gida da ake ginawa, suka yi layi da tukwanen kiɗa da kwanonin waina suna miƙawa. Masu cajin waya suka tare kurar wani mai ruwa suka juye ta a kan katako. Wani kafinta ya hau da gatari ya datse inda rufin kicin ya haɗu da na gida. Aka ɓalle ƙofar ɗakin, aka yi ta jan buhuna a hankali zuwa gindin darbejiya. Kicin ya tafi, kwano ya lanƙwashe, tukwane sun yi baƙi. Gidan ya tsaya.

Da hayaƙi ya kwanta aka samu Othniel a garken awakin Gogo Hafsah, a tsugune tsakanin uwa da 'ya'yanta.

"Ardo," ta ce, "naka garken yana can yana tashi sama, kai kana cikin nawa."

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Gogo, na zo duba inda iska ke kaɗawa ne. A irin wannan yanayi dole wani ya yi tunani."

"To ka yi tunanin a waje. Kana tsorata mini akuya."

Mama Lilian ta kira Madam Peculiar a waya, ba ta jira Ista ba. Ranar da motar ta zo, duk layin aka zauna a inuwa, kowa da tef a hannu, ana liƙe bakin batura ɗaya bayan ɗaya ana binnewa a yashi. Masu kumburi aka ware musu nasu durom. Har ƙanin matar wakili ya zo ya taya, don a nan ya bar takalminsa. Ba rumfa, ba jawabi, ba wanda ya ɗauki hoto. Othniel bai halarta ba, an ce yana hutun jinya a wajen wani abokinsa.

Malam Apollos ya yanke shawarar in ya dawo zai ce masa ya nemi wani ɗaki. Ya shirya maganar tsaf, da gabatarwa da kammalawa. Damina na matsowa, Mama Lilian tana girki a fili tana duban gabas.

Wata safiya suka ji bugun guduma. Suka fito, sai ga Othniel a kan kicin, shi kaɗai, da singileti, ƙusoshi a baki. Ba falmaran, ba usur, ba mai hoto. Ya sayar da lasifikarsa ya sayo kwano da katako, ya aro tsani. Ya yi kwanaki yana aiki cikin rana, ya buge yatsa bai kira taro ba. Har kan babban rufin ya hau, ya ce yana duba inda ƙusa ta saki. Da ya gama ya sauko, ya wanke hannu, ya mayar da tsani.

"Baba," ya ce a hankali, "kada a gaya wa kowa."

Malam Apollos ya haɗiye jawabinsa, da gabatarwar da kammalawar. Ya gaya wa Mama Lilian cewa a shekarunsa na koyarwa ya ga yara da yawa sun shiryu a aji na ƙarshe. Ita dai ta ce to.

Bayan 'yan kwanaki 'yarsu Hadassah ta zo daga Abuja a jirgin sama. Jirgi in zai sauka Yola yakan yi ƙasa-ƙasa ta kan unguwarsu. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Baba, yaushe kuka sayar da gidan?"

"Wane gida?"

"Wannan. Na gani ta taga. An rubuta da jan fenti tun daga kicin har kan ɗakinku, kowane harafi ya kai tsayin mutum. Kyautar Ardon Batura."

Malam Apollos ya daɗe yana kallon silin. Sai a lokacin ya gane dalilin da ya sa duk sanda aka ji ƙugin jirgi, Othniel kan bar abin da yake yi ya fito tsakar gida, ya gyara hula, ya ɗaga hannu ɗaya cikin natsuwa.

Ruwan farko ya sauka a watan Mayu, mai ƙarfi da iska. Rufin kicin bai zubar ko ɗigo ba, aikin ya yi kyau. Fentin ne mai araha. Mama Lilian ta tara bahonta a bakin indararo, ta same shi cike da jan ruwa, ta zubar a kwata.

Har yanzu in jirgi ya taso, Ardo yana fitowa ya gyara hula ya ɗaga hannu. Ba shi da tsani, kuma duk Jambutu ba wanda ya ga dalilin gaya masa.